Samfurin tsofaffin taragan fasinja: a saya, a haɗa, ko a ƙera daga tushe?

Kafin maganar saye ko ƙirar ƙaramin samfurin taragon jirgin ƙasa, irin wanda ke tafiya a kan ɗan dogo a gida, sai an tsayar da abu biyu: wane tarago ake so, kuma a wane ma'auni. Asarar kuɗi a wannan harka sau da yawa daga nan take tasowa, domin ma'auni biyu da suka fi yaɗuwa suna hawa dogo iri ɗaya amma girmansu ba ɗaya ba. HO, na Amurka da ƙasashen Turai, 1:87 ne. OO, na Birtaniya, 1:76 ne, wato milimita 4 a madadin kowace ƙafa ɗaya ta ainihi. Dukkansu dogon milimita 16.5 suke bi, don haka taragon HO zai yi tafiya lafiya a bayan na OO, sai dai ido zai ga kamar yaro na bin yayansa. A shekarun 1970 kamfanin Lima na Italiya ya fitar da taragan Birtaniya a HO kafin ya koma OO, kuma har yau suna yawo a kasuwar gwanjo, mai sayarwa ya rubuta "OO/HO" ya bar ka da aikin ganewa.

Domin kwatancen ya tsaya a kan abu ɗaya, mu ɗauki taragon Mark 1 na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, wanda aka fara ƙerawa a 1951 aka ci gaba har farkon shekarun 1960. Tsawon jikinsa ƙafa 64 da inci 6, ya zama milimita 258 a OO. Yana zaune a kan bogi biyu, wato akurkin nan mai taya huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane ƙarshe. Tsakanin cibiyoyinsu milimita 186, faɗin kowace taya kuma milimita 14. Riƙe waɗannan lambobi uku, da su za ka auna duk abin da aka miƙo maka da sunan Mark 1. Akwai gajeren nau'i mai ƙafa 57, irin taragon kaya BG, shi kuma milimita 228.

Sabo daga kwali

Idan taragon da kake so yana cikin abin da kamfanin Bachmann ko na Hornby ke fitarwa, magana ta kusa ƙarewa: saya. Babu mai farawa da zai iya fentin da ya kai na masana'anta, musamman siririn layin rawaya-baƙi-rawaya da ke ratsa ƙugun tarago mai launin jan garura. Gilashin taga yana zuwa daidai da fuskar jiki, tayoyin na ƙarfe ne, ƙugiyar haɗi tana zaune a aljihun NEM 362, wanda ke ba ka damar zare ta ka sa ta kamfanin Kadee mai lamba 17 zuwa 20 ba tare da yanka komai ba.

Abin lura a nan shi ne zamani. Launin ja da madara na farkon shekarun 1950 ne. Jan garura ya shigo a 1956, shekarar da aka daina cewa aji na uku aka koma aji na biyu. Shuɗi da toka kuma daga tsakiyar shekarun 1960. Bogi ma haka: na farko BR1, daga baya Commonwealth mai kaurin zubi, sannan B4. Tarago mai ja da madara a kan bogin B4 ya haɗa zamani biyu da ba su haɗu ba. Haka nan jeren: jirgi na gaske ba ya rasa tarago mai ɗakin birki, don haka wanda ya sayi TSO biyar, wato taragan kujeru zalla masu kujera 64 kowanne, bai haɗa jirgi ba tukuna sai ya ƙara BSK, mai ɗakin birki, ko makamancinsa.

Illar sabo guda biyu ce. Kamfanoni suna bugawa ne zubi-zubi, idan ya ƙare a shaguna sai a jira, wani lokaci shekaru. Sannan kwalin yana da girma, kuɗin aikowa da na kwastan kan hau kan kuɗin kaya sosai ga wanda ke nesa da Turai. Mai sayen taragan Turai na HO kuma ya karanta tsawon da aka rubuta: taragon mita 26.4 cikakkensa milimita 303 ne, amma ana gajarta shi zuwa 282 ko 264 don ya iya bin matsattsiyar kwana. Ba ha'inci ba ne, sai dai idan ka gauraya su a jere ɗaya za su tona wa juna asiri.

Na hannu

Nan ne arha take, nan ne kuma tarkon yake. Tri-ang ta fitar da Mark 1 mai cikakken tsawo tun farkon shekarun 1960, Lima da Mainline suka biyo da nasu, kuma ana samunsu da yawa a eBay da shagunan Ingila masu sayar da na hannu. Jikinsu yana da ƙwari, amma tagoginsu sun nutse ciki saboda kaurin roba, tayoyinsu kuma su ne matsala ta farko. Leɓen tayar Lima yana da zurfi. A dogon Code 100, mai tudun ƙarfe, zai wuce, a siririn Code 75 kuwa sai ka ji yana bugun kujerun da ke riƙe ƙarfen dogo, kaf-kaf-kaf, a mararraba ya yi tsalle. Maganinsa sauya taya da ta ƙarfe mai milimita 14. Auna tsawon gatarin da ka cire kafin ka yi odar sabo: wanda aka saba sayarwa milimita 26 ne daga tsini zuwa tsini, na Lima ya fi haka gajarta, kuma idan ka cusa dogo a gurbin gajere bogin zai buɗe, tayar ta ƙi juyawa. Bayan sauyawa, tazarar da ke tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta ta zama milimita 14.5. Ƙasa da haka sai ta hau ƙarfen kariya a mararraba, sama da haka sai ta daki bakin mahaɗa. Ɗan ƙarfen awon wannan tazara yana cikin kayan da suka fi kowane biyan kuɗinsu.

Akwai waɗanda gara a bar wa masu tarawa don ajiya. Taragan Hornby Dublo na tsarin dogo uku da na Märklin tayoyinsu ba a raba wutar hagu da dama ba, kana ɗora su a dogo biyu wuta za ta haɗe, na'urar ta yanke. Ana iya sauya tayoyin, amma sai ka sa wannan a lissafi. Taragan Tri-ang na farkon shekarun 1950 da wata roba aka yi su wadda ke lanƙwashewa da tsufa, kuma ba ta miƙuwa. Sassan zubin tutiya na wasu tsofaffin kaya suna kumbura su tsattsage su zama gari. Idan ka ga ƙananan tsaga kamar busasshiyar laka a bogi ko a ƙarfen nauyi, babu gam da zai cece shi. Ka nemi hoto daga sama don ganin ko jikin ya miƙe, da hoto daga ƙasa don ganin bogi, ƙugiya da sandunan ƙarƙashi. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton ƙasa ya riga ya ba ka amsa.

Kunshin roba na haɗawa

Wannan ita ce makarantar. Kamfanin Ratio ya fitar da ƙananan taragan tsohon kamfanin jirgin ƙasa na Great Western masu taya huɗu, na Dapol ya fitar da taragan zamanin Stanier, wani injiniyan jiragen ƙasa na Birtaniya, kuma tsofaffin kunshin Mark 1 na Kitmaster, na tsakanin 1959 da 1962, suna fitowa jefi-jefi. Kayan aikin kaɗan ne: wuƙar yanka mai sabuwar reza, rula ta ƙarfe, ƙaramin magagari, samfefa mai laushi, ɗan kusurwa na ƙarfe, da ruwan narka roba irin Tamiya Extra Thin. Gam na kwalba mai kauri ba na nan ba ne. Ana haɗa sassa biyu a bushe, a taɓa mahaɗar da burushi daga ciki, ruwan ya bi tsagar da kansa. Yatsa ya kusanci wurin, ruwan zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a jikin tarago.

Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne murɗewa. A haɗa gefe ɗaya da ƙarshe ɗaya su ba da kusurwa, a yi haka sau biyu, sannan a haɗa biyun. Ƙasan kuma a ɗora shi da tayoyinsa a kan faifan gilashi tun gam bai kama ba, a bar shi ya kwana. Idan taya ɗaya ta ɗaga ko da kaurin takarda ne, mai taya huɗu zai riƙa sauka daga dogo a kowace kwana. A sa ƙananan kofunan tagulla a ramin gatari, domin tsinin ƙarfe yana cin roba a hankali. Kuma kada a manne rufi sai an gama fenti, gilashi da kujeru.

Gefen tagulla a kan tsohon jiki

Ga wanda yake son taragon da babu shi a kwali, amma ƙasansa da rufinsa sun yi daidai da wani da ake samu, wannan ita ce hanyar da muka fi ba da shawara. Comet Models, wadda Wizard Models ke sayar da kayanta yanzu, tana yin gefunan tagulla masu kaurin wajen milimita 0.3 waɗanda aka huda tagoginsu da asid. Siririn gefe yana kawo gilashi kusa da fuska, abin da tsohuwar roba ba ta iyawa, kuma gefuna biyu suna shiga ambulan. Ga mai jiran kaya ta gidan waya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ana wargaza tsohon taragon, a yanke robar da ke layin tagogi ta yadda ba za ta leƙo ta sababbin ramuka ba, a bar ɗauri sama da ƙasa da ginshiƙi a inda tagulla ba ta da taga. Sauran fuskar a goge ta da magagari har ta ragu da kaurin tagullar, in ba haka ba gefen zai fi rufi fitowa. Idan gefen ya zo a miƙe, ana lanƙwasa shi ta hanyar murza sandar ƙarfe a bayansa a kan abu mai ɗan taushi, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da ƙarshen taragon. A huda ramin hannun ƙofa da tsinken milimita 0.5 don waya mai 0.45, a like hinjis da firam ɗin tagar ƙofa daga ciki da dalma mai narkewa a digiri 145. Duk aikin wuta ya ƙare kafin tagulla ta taɓa roba.

Gam ɗin da za a sa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Roba ta fi tagulla miƙewa da zafi. A tsawon milimita 258, sauyin digiri 20 yana kawo bambancin kusan rubu'in milimita. Sufa gulu ba ya ba da wuri, sai gefen ya ɓalle ko ya yi ciki a tsakiya. Ebostik yana ɗan miƙewa, shi ya sa ya fi dacewa, amma a shafa shi siriri a fuska biyu, a bar shi kamar minti 15 ya sha iska, domin ɗanyensa yana cin roba. Da ya taɓa ya kama ke nan, don haka a jera gefen sama da bakin rufi tukuna sannan a kwantar.

Cikakken kunshin tagulla, mai ƙasa da bogi da komai, mataki ne na gaba. Yana son ƙarfen like mai ƙarfin watt 40 ko fiye, ruwan asid na like, da dalma kala uku: ta digiri 188 don manyan mahaɗai, ta 145 don ƙananan sassa ta yadda na farko ba zai kwance ba, ta 70 don sassan farin zubi. Ta 70 ba ta kama tagulla tsirara, sai an fara shafa wa wurin ta 145. Ƙaramin ƙarfen masu gyaran waya ba ya wadatarwa, tagullar tana shanye zafinsa, dalmar ta dunƙule maimakon ta gudana. A wanke aikin da ruwa da sabulu bayan kowane zama, in ba haka ba asid zai fito kore a ƙarƙashin fenti bayan watanni. Kuma ana bukatar wutar lantarki da za ta tsaya na awa biyu ko uku a jere.

Idan taragon Najeriya ake so

Nan lissafin ya juya, domin babu ɗaya cikin manyan kamfanonin nan da ke fitar da tsofaffin taragan layin Legas zuwa Kano. Ƙira daga tushe ta zama dole, kuma ma'auni ya sake dawowa. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, ba 1,435 na Birtaniya ko na sabon layin Abuja zuwa Kaduna ba. A 1:87 wannan ya kama milimita 12.3, don haka dogon milimita 12, wanda ake sayarwa da sunan H0m ko TT, shi ne daidai. A 1:64 ya kama 16.7, wato dogon HO na ko'ina ya zauna. Wannan shi ne Sn3½ da mutanen New Zealand suka daɗe suna amfani da shi don nasu dogon mai irin wannan faɗi. Ga mai ƙira da hannu 1:64 ta fi: dogo, taya da injin kan jirgi duk na HO da OO ne masu sauƙin samu, sassan kuma sun fi girma a hannu. Illarta ita ce cin wuri, domin taragon ƙafa 60 zai kai milimita 286 maimakon 210. Mai sha'awar ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 da aka rufe a 1957, dogon milimita 9 a 1:87 ne nasa. Kada a ɗauko matokaran gefe biyu irin na Ingila a manna. Tsofaffin taragan Najeriya mahaɗi ɗaya suke da shi a tsakiya.

Ana fitar da awo daga hoto ko daga taragon da ya rage a tsohuwar tasha, da izinin masu wurin. Ƙaramin gidan tarihin Jaekel House da ke harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta yana da tsofaffin hotuna. A hoton da aka ɗauka daga gaba, faɗin dogon kansa shi ne rularka. Hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta nesa, kada a auna tsawo da shi.

Kayan ginin faifan roba ne na Slater's ko Evergreen: milimita 1 ko 1.5 don daɓe, 0.5 don gefe, 0.25 don ado da firam. A zana gefen a kan faifan, a yanke tagogi tun gefen yana jikin babban faifai, sannan a fitar da shi; wanda ya fara fitar da gefe zai ga siraran ginshiƙan tsakanin tagogi suna karkacewa a ƙarƙashin wuƙa. Kowace kusurwa a fara huda ta, a yanka daga kusurwa zuwa tsakiya, da ja mai sauƙi sau huɗu ko biyar. Gefe ya zama falle uku, ba biyu ba: falle biyu suna lanƙwashewa zuwa ɓangare ɗaya yayin da ruwan narkawa ke bushewa, na uku yana daidaita jan. Fallen tsakiya a yanke masa rami mafi faɗi ya zama aljihun zura gilashi bayan fenti, fallen ciki kuma a yi masa ƙananan huda don tururin ya fita, domin ruwan da aka kulle tsakanin falle yana ci gaba da cin roba har fuska ta lotsa bayan makonni. Rufi kuwa faifan 0.5 ne da ake naɗewa a jikin bututun ƙarfe da bandeji, a tsoma a tafasasshen ruwa, a sanyaya kafin a kwance. Bogi a saya. Ƙera shi da hannu aiki ne mai yawa da ba ya ƙara wa taragon kyau a ido.

Firintar 3D ta rage wahalar sassan da ake maimaitawa, kamar kujeru, gefen bogi da mashaƙar iska ta rufi. Ga dogon jiki kuwa tana da nata halin. Rezin yana fitar da ado mai kyau a kaurin layi na milimita 0.05 ko ƙasa, amma dogon gefe yakan yi baka bayan an gasa shi da haske, kuma idan ya faɗi fashewa yake. Robar PLA tana laushi a wajen digiri 60, zafin da motar da aka rufe a rana take iya kaiwa a bazarar Kano ko Maraɗi. Daɓen tagulla ko na aluminiyam da aka ɗaure da sukurori yana riƙe jikin rezin a miƙe.

Abin da ya shafi dukkansu

Nauyi da kwana ba su san ta wace hanya tarago ya zo ba. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu samfurin jirgin ƙasa ta Amurka, a HO ita ce oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawo, wanda ke ba taragon milimita 258 kusan giram 170. Ba dole a kai nan ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne taragan jere ɗaya su yi kusa da juna a nauyi. Mara nauyi na roba a gaba, mai nauyi na tagulla a baya, a kwana sai na gaban ya kifa ciki. Idan za a ƙara nauyi da ƙwayoyin dalma, kada a riƙe su da farin gam na kafintoci, haɗin yana kumbura da shekaru ya tsaga jiki. Kwana mai milimita 371, awo daga tsakiyar da'irarta zuwa dogo, ta yi wa Mark 1 kaɗan. 438 ita ce mafi ƙaranci, a 505 ko 572 ne yake fara kyan gani. Bogi ɗaya a ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan a sassauta masa ya ɗan yi rawa, taragon zai bi dogon da bai kwanta daidai ba.

Fenti ne ke raba aikin hannu mai kyau da wanda za a ɓoye a bayan kabad. Tagulla tana bukatar fentin shimfiɗa mai cin ƙarfe, in ba haka ba tef ɗin rufewa zai ɗago da komai. Fentin mota mai tina mai ƙarfi yana yamutsa fuskar roba idan babu shimfiɗa a tsakani. A fara da launi mai haske, madara kafin ja. Lambobi da layukan da ake jiƙawa a ruwa a ɗora su a fuska mai sheƙi, domin a kan marar sheƙi iska tana maƙalewa a ƙasa su yi fari-fari. Bayan sun bushe a rufe da banish, wato fenti garau na kariya. A lokacin hunturu feshi yana bushewa kafin ya sauka ya bar fuska kamar yashi, ga ƙura, don haka a matso zuwa santimita 20, a yi da sassafe, a kife kwali a kai nan take. Da damina kuma laima tana sa banish ya yi hazo. Gilashi shi ne na ƙarshe, da farin gam mai bushewa garau, domin tururin sufa gulu yana barin farin tabo a kansa wanda ba ya gogewa.

Wanda bai taɓa haɗa ko ɗaya ba, amma burinsa taragon Najeriya ne ko cikakken kunshin tagulla, ya fara da mai taya huɗu na Ratio guda ɗaya da tsohon Lima guda ɗaya don sauya taya da gwajin fenti. Idan na farkon ya zagaya kwanar 438 sau goma gaba da baya bai sauka ba, sai a yi odar faifan roba.